Masu jinyar gida da suka kula da mahaifinmu a Maradi: inda suka yi ƙoƙari da inda suka gaza

Lokacin da muka dawo da mahaifinmu daga Yamai, bayan likitoci sun tabbatar da cewa ciwon dajin da ya kama shi a mara ya riga ya bazu zuwa ƙashin baya, mun iso Maradi da leda cike da takardun asibiti, amma babu wanda ya nuna mana yadda ake kwana da mutumin da ko juyi ba ya iya yi sai da nishi. Wata maƙwabciyarmu a unguwar Zariya ce ta haɗa mu da wata ƴar ƙaramar tawagar ma'aikatan jinya da ke bin gidaje suna kula da marasa lafiyar da aka fid da ran warkewarsu, kuma wata huɗu muka yi tare da su.

Ranar farko shugabarsu ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce: "Baba, sannu da jiki. Me ciwon nan ya hana ka yi wanda ya fi damunka?" Ya ce: "Ɗiyata, salla ko a zaune ta gagare ni." A kan wannan amsa suka gina aikinsu. Da ta ambaci morfin, wato maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, ni ne na fara tirjewa, domin duk wanda ya ga abin da tramol ya yi wa samarin garin nan dole ya ji tsoron irin wannan magani. Ba ta yi fushi ba. Ta bayyana mini cewa tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakan rage raɗaɗin ciwon daji, daga farasitamol zuwa morfin idan na ƙasa ya kasa, kuma ana ba da shi ne bisa agogo, kowace awa huɗu, ba a jira sai ciwo ya taso. Ta kawo misalin Uganda, inda cibiyar da likita Anne Merriman ta kafa a 1993 ta yaɗa morfin na ruwa da ake sha a gida. Likitan da suke aiki tare ne ya rubuta takardar maganin, ya haɗa da na sassauta ciki saboda morfin yana ɗaure bayan gida. Kwana uku bayan haka na tarar da Baba ya jingina da bango, matashi a bayansa, yana sallar la'asar.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka ɗauki mahaifiyarmu a matsayin wadda ita ma take bukatar kulawa. Sun lura ƙafafun Inna sun kumbura, suka auna ta, suka gano hawan jini, sannan suka tara mu ƴaƴa suka raba mana kwana, domin ta yi makonni ba ta runtsa ba amma kunya da kara sun hana ta faɗa. Sun koya mana juya shi duk bayan awa biyu da zanen da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa don kada gyambon kwanciya ya fito. Ƴan dubiya kuwa, waɗanda kowannensu yakan zo da nasa sassaƙe ko jiƙo, ba a kore su ba. An dai roƙi a riƙa shiga bibbiyu, a kuma nuna duk abin da za a ba shi kafin ya sha. Batun gaskiyar halin da yake ciki, wanda mu muka yi ta ɓoyewa, sai da suka tambaye shi ko yana son sani. Da ya sani, ya sa aka rubuta basussukansa, ya yi wasiyya a kan gonarsa ta Tibiri a gaban shaidu.

Sai dai akwai gazawa, kuma ba ƙarama ba. Wayarsu a kashe take da dare, alhali da dare ciwo ya fi tsanani. Sau ɗaya morfin ya yanke kwana biyar, muka zagaya kantunan magani ba mu samu ba, kuma da sun sanar da mu da wuri cewa hakan yana faruwa, da mun nemi sabuwar takarda kafin kwalbar ta ƙare. Namiji ɗaya ne kawai a cikinsu, don haka ranar da ba ya nan Baba yakan ƙi yarda a gyara masa jiki. Kuɗin mai da muke bayarwa, jika biyu a kowace ziyara, bai yi yawa ba, amma ba a taɓa ba mu tsayayyen farashi a rubuce ba. Duk mai niyyar kiransu ya tambayi waɗannan abubuwa tun ranar farko.

Bayan rasuwarsa ba su zo cikin cunkoson zaman makoki ba, sai washegarin sadakar bakwai, lokacin da gida ya yi tsit. Sun karɓi ragowar maganin suka rubuta adadinsa, sannan shugabar ta shiga ɗakin Inna suka daɗe. Ta ci gaba da leƙo ta sau biyu a wata har ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, tana auna jininta, tana tambayar ko tana cin abinci, ba tare da ta karɓi ko dala ba.