Anod ɗin magnisiyam nake sawa yanzu, amma har yau ina jin haushin na zinki

Masu jirgin inji a Yauri da sauran bakin tafkin Kainji, in mai kayan gyara ya miƙo muku anod ɗin zinki (ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa inji don ya zaizaye a madadinsa) ya ce ko wane ruwa yana yi, ku ajiye masa abinsa. Haka wani ya rantse min, wai daga Legas ake kawo masa, kuma shi manyan jirage ke sawa. To ai na manyan jirage ruwan gishiri ne.

Na saya na ɗaura, bayan damina muka ja jirgi tudu. Anod yana nan garau, ko gefe bai ci ba, sai wani farin ɓawo da ya lulluɓe shi. Ƙafar injin kuwa, kusa da farfela, duk ta yi ƙananan ramuka kamar fuskar mai zanzana, fenti ya kumbura. Makanikina ya kankare ɓawon da wuƙa ya ce, "Alhaji, wannan barci yake yi, ba gadi ba." Aikin ƙarfen nan shi ne ya cinye don inji ya tsira. A ruwan daɗi lantarki ba ya ratsawa da sauƙi, zinki kuma ƙarfinsa bai wuce kusan volt 1.05 ba, sai ɓawo ya toshe shi, cin ya koma kan alminiyam ɗin inji. Magnisiyam yana kai wa wajen 1.6, shi ya sa yake iya turawa a irin ruwanmu. Da na koma wa mai shagon da hoto, cewa ya yi tunda bai lalace ba ai alamar mai kyau ne. Wallahi maganar nan ta fi kuɗin gyaran ƙona min rai.

Na magnisiyam ɗin dai ya yi abin da aka saye shi dominsa. Yana zaizayewa, ramukan ƙafar inji ba su ƙaru ba. Ban shafa masa fenti ba, kuma an goge mazauninsa sai da ƙarfe ya taɓa ƙarfe kafin a ɗaure.

Sai dai ba zan cika yabo ba. Yana ƙarewa da sauri, kuma da ya kai rabi dole a canja, ga shi ba a samunsa a nan sai an yi saƙo. Wanda aka aiko min ma ramin kusarsa bai zo daidai ba, sai da aka sa zarto. Kuma wanda ke gangarawa da jirgi har ruwan gishiri, kada ya sa shi, nan da nan zai narke. Na alminiyam ya fi masa.

Zan sake saye, amma wannan karon da tsohon zan aika a gwada. Kuɗin cike ramuka da sabon fenti kuwa daga aljihuna suka fita, mai shagon ko sannu bai ce min ba.