Na je an yi mini mamografi a Yamai: yadda wurin yake da abin da na biya

Wata Talata da asuba ina wanka, hannuna ya faɗa kan wani abu a nonona na hagu, can gefe wajen hamata. Bai fi ƙwayar gujiya ba, kuma ba ya ciwo. Na tsaya da soso a hannu har ruwan bokitin ya huce. Rashin ciwon ne ya fi tayar mini da hankali, don na Yaya ma haka ya fara.

Yaya ita ce babbarmu, a Tawa ta yi zamanta duka. Kansar nono ta yi, wato ciwon daji, ta ɓoye ta kusan shekara biyu, don kunya da kuma tsoron kada a ce za a yanke. Da ya fara girma aka ce maruru ne, aka yi tofi, aka shafa saiwoyi, wasu suka ce daji ba ya son ƙarfe, wai da allura ta taɓa shi sai ya watsu. Ranar da muka ɗauko ta zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 500 ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, wurin ya riga ya fashe, da tsohon zane muka naɗe mata shi. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Shekararta 52 ta rasu, Allah ya jiƙanta da rahama.

Ni shekarata 47, ina sayar da atamfa da leshi, a Bukoki nake zaune. A ranar ban buɗe shago ba. Na wuce wurin ungozomar asibitin unguwarmu, ta lalube ni kwance da zaune, ta tambayi ranar da al'adata ta zo, sannan ta rubuta mini takarda: mamografi, wato hoton nono da na'ura, da eko, irin hoton da ake yi wa masu ciki. Wata kilinik mai zaman kanta na nufa. Ba zan kama sunanta ba, tunda akwai abin da zan yaba akwai kuma wanda zan kushe, amma duk wadda za ta je irin wannan wuri a garin nan za ta amfana da jin yadda tawa ta kasance.

Na fara kiran waya. Yarinyar da ta ɗauka ta ba ni randebu bayan kwana huɗu, kuma ta tambaye ni maganar al'ada, ta ce an fi so a zo a makon da ya biyo bayan wanka, lokacin da nono bai kumbura ba bai kuma yi tsami ba. Wannan ta kyauta. Abin da ta manta ta gaya mini shi ne kada in shafa komai. Ni kuwa macen Adar ce, ba na fita ba mai ba turare. Na je da man shafawa a ƙirji da maganin warin hamata, sai da aka ba ni auduga da ruwa na goge tas. Ashe hoda da maganin hamata suna iya fitowa a hoton kamar ɗigo-ɗigon farin abu, irin wanda likita yake nema, su jawo ruɗani a banza. Magana ɗaya ce a waya, da ta wadatar.

Kuɗi kafin komai, a kes. Mamografin jikka 30 na biya, eko jikka 15, ban da taksi zuwa da dawowa sau biyu. Ni Allah ya rufa mini asiri na iya biya, amma ina tsaye a gaban tagar nan ina tunanin maƙwabciyata mai sayar da kopto a bakin hanya, kwana nawa za ta yi kafin ta haɗa jikka 45? Ba a liƙa farashin a bango ba, sai ka iso taga ake gaya maka. Na ga wata dattijuwa da ɗanta sun ji kuɗin, sun koma gefe sun yi shawara, sun fita. Ban ga sun dawo ba.

Ɗakin jira yana da tsabta, akwai sanyi, kujeru sun isa. Sai dai maza da mata a haɗe ake, masu hoton ƙafa da masu hoton ciki da mu, kuma mai kiran suna ta ɗaga murya ta ce "mai mamografi". Na ji kamar kowa ya juyo yana kallon ƙirjina. Ga wadda da ma da ƙyar ta yarda ta fito daga gida, wannan kaɗai ya isa ya mayar da ita. Suna kawai za a kira, ko lamba.

Daga nan kuma sai yabo. Wadda ta yi mini hoton mace ce, yarinya wadda ba ta wuce sa'ar ɗiyata ta fari ba, tana jin Hausa da Zabarmanci. Ta kulle ƙofa da kanta, ta ce, "Tanti, cire riga da rigar nono kawai, zane ya tsaya." Don haka duk mai zuwa ta sa riga da zane, kada ta sa doguwar riga. Kafin ta taɓa ni sai da ta murza tafin hannunta ya yi ɗumi. Ta tambaye ni haihuwa nawa, na shayar ko ban shayar ba, ko ina da ciki, ko akwai mai irin ciwon a danginmu. Da na ambaci Yaya muryata ta karye. Ba ta ce mini in yi haƙuri da sauri don mu wuce ba, ta dakata har na share ido.

Na'urar ta fi mutum tsayi, a tsaye ake yi. Akwai faranti a ƙasa inda ake ɗora nono, da wani na roba mai haske da yake saukowa daga sama ya danne shi. Hoto huɗu ne, biyu kowane ɓangare: ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya a karkace don ya kamo har cikin hamata. Ta gyara mini kafaɗa, ta juya mini haɓa gefe, ta ce in kama ƙarfen da hannu. Sannan farantin ya sauko. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, akwai zafi. Ya matse har na ji numfashina ya tsaya, na ce "wayyo", ta ce, "Tanti riƙe numfashi, kada ki motsa." Ta koma bayan gilashi, na'ura ta yi ƙara kaɗan, farantin ya saki da kansa. Ban kai ga gama salati biyu ba. Na karkacen hagu ya fi zafi saboda ƙullin yana wurin. Duka-duka daga cire riga zuwa mayarwa bai wuce minti 20 ba, kuma a ciki har da ɗaukewar kuran, da muka jira injin gidan ya tashi.

Na tambaye ta dalilin matsewar, don a kasuwa na sha jin ana cewa matsewar ce take fasa ciwon ya bazu. Ta ce sam. Ana baje naman ne don ya yi siriri, haske ya ratsa shi da kyau, abin da ya ɓuya a bayan wani ya fito, kuma a rage yawan hasken da ake buƙata. Hasken radiyo ne irin na hoton ƙashi, amma kaɗan ne ƙwarai, kwatankwacin wanda jikin mutum yake sha daga ƙasa da sararin sama a cikin mako bakwai yana zaman gidansa.

Eko namiji ne ya yi, lokotoron da yake karanta hotunan. Ba a gaya mini ba sai da na shiga. Na ja na tsaya a bakin ƙofa, na ce ina so yarinyar nan ta zauna tare da mu. Bai ɓata rai ba, ya sa aka kira ta, aka rufa mini tawul a ɓangaren da ba a dubawa. Ina gaya wa ƴan'uwana mata, wannan haƙƙinku ne, ku nema. Eko ba ya zafi, wani ruwa mai yauƙi da sanyi ake shafawa a bi da ɗan abu kamar kan tocila. Ya daɗe a kan ƙullin, yana danna madannai, bai ce uffan ba. Da ya gama ya ce in dawo jibi in karɓi sakamako.

Nan ne babban kukana da wurin nan. Mutum ya ga abin da idonsa a allo, ya san uwar da ke kwance gabansa ta binne yayarta da wannan ciwo, me zai hana ya ce mata ko kalma ɗaya? Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Da na koma, a taga aka miƙo mini babbar ambulan, da hotuna da takarda guda da Faransanci, aka ce "sai an jima". Na yi lakkwal har aji shida, ina karanta Faransanci daidai gwargwado, amma wannan ba irin wanda aka koya mana ba ne. Abin da na iya tsinta shi ne ACR 2 a hagu, ACR 3 a dama. Dama kuma? Ni ban ji komai a dama ba. Ƙafafuna suka yi sanyi.

Na ƙi tafiya. Na zauna na ce sai na ga lokotoro, aka ce yana da mutane, na ce zan jira. Awa ɗaya da rabi na yi. Da na shiga kuwa, gaskiya ya yi bayani mai kyau, har da zane a bayan takarda. Ƙullin da na ji a hagu ƴar jaka ce mai ruwa a ciki, ba kansa ba ce, kuma ya ce mafi yawan ƙullin da mata suke ji a nono ba kansa ba ne, sai dai hannu ba ya iya bambancewa. A dama na'ura ta ga wani ɗan abu mai santsin gefe wanda yatsa ba zai taɓa jin sa ba. Lambobin nan matakai ne. ACR 1 babu komai. ACR 2 akwai abu amma mara illa. ACR 3 kusan tabbas mara illa ne, yiwuwar ya zama kansa ba ta wuce 2 cikin 100 ba, amma ana sake dubawa bayan wata shida. Daga 4 zuwa 5 ne ake ɗiban ɗan nama da allura a kai a auna. Ya ƙara da cewa allurar ba ta watsa ciwo, ita ce take faɗin gaskiyar abin da ke ciki. Bayanin duka minti biyar ne. Minti biyar ɗin nan ya kamata su kasance cikin jikka 45, ba sai mace ta yi zaman dirshan ba.

Tunda na samu bakinsa, na yi ta tambaya. Ya ce wadda uwarta ko ƴar'uwarta ta ciki ɗaya ta yi ciwon, haɗarinta ya kusa ninki biyu na sauran mata, amma kusan rabin masu kamuwa ba su da wani dalili da aka sani illa kasancewarsu mata da kuma shekaru. Shayarwa tana rage haɗari, haka motsa jiki da rashin ƙiba mai yawa da nisantar giya da taba, amma ragewa ce, ba katanga ba. Yaya ta shayar da takwas, kowane kusan shekara biyu. Maza ma suna yi, kusan ɗaya cikin ɗari na masu ciwon. Ya lissafa mini abin da ba a jira da shi: ƙulli a nono ko a hamata, fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemu, kan nono ya shige ciki, ko jini ya fito daga gare shi. A Faransa ana kiran mata daga shekara 50 zuwa 74 su yi hoton duk shekara biyu ko ba su ji komai ba, a Amurka kuma ana ba da shawarar a fara tun daga 40.

Da na dawo gida ɗana ya karanto mini alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya a waya. A 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da kansar nono, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki sama da 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar da gano ciwon, a Afirka ta Kudu kuwa 40 ne. Ciwon ɗaya ne, lokacin zuwa da samun magani ne suka bambanta. Burin hukumar shi ne daga ranar da mace ta kai kukanta zuwa ranar da za a tabbatar mata da abin da ke damunta kada a wuce kwana 60. Ni kwana bakwai na yi. Yaya ta yi sama da ɗari bakwai kafin ma wani likita ya gani.

Wadda ba ta da kuɗin kilinik kada ta zauna a gida. Ta fara da ungozomar unguwarsu, lalube da hannu ba ya buƙatar na'ura. Akwai Matanite Isaka Gazobi da take karɓar matsalolin mata, akwai Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa a nan Yamai, wadda tun 2021 take ƙona ciwon da haske, aikin da a da sai an fita waje. Tun 2007 kuma akwai dokar da ta ce kula da kansar mata kyauta ne a asibitocin gwamnati, don haka a tambaya, kada a ji nauyi. Watan Oktoba, da ake kira Oktoba Roz, ƙungiyoyi da asibitoci sukan shirya duba mata, a kasa kunne a rediyo.

Zan koma kilinik ɗin? Zan koma, saboda yarinyar nan mai ɗumama hannu, kuma saboda an fi so a kwatanta sabon hoto da tsoho. Ambulan ɗin tana cikin akwatin lefena, a shimfiɗe ƙarƙashin atamfofi don kada hotunan su lanƙwashe, ranar komawa kuma na rubuta ta a bangon littafin bashin shago inda nake gani kullum. Amma wannan karon tun a kes zan ce ba na karɓar takarda a taga, sai a hannun lokotoro.

Ɗiyar Yaya ta fari shekararta 31, tana aure a Tawa. Na yi wa lokotoron maganarta, ya ce a kawo ta ya duba, wataƙila da eko za a fara, don nonon mai ƙuruciya yana da cikar nama, mamografi ba ya gani sosai a cikinsa. Mijinta ya ɗan ja da farko, sai da kawunsu ya sa baki. Ranar Alhamis za ta shigo motar asuba. Na riga na gaya mata ta taho da riga da zane, kuma ranar Juma'a da safe kada ta shafa komai.