Ginin Ofis Mai Sarrafa Kansa a Sakkwato: Inda Ya Gamsar da Inda Ya Gaza

Ginin ofisoshin haya da ma'aikatarmu ta koma a cikin birnin Sakkwato yana cikin irin waɗanda kwamfuta ke tafiyar da fitilunsu, da na'urorin sanyaya ɗaki, da ƙofofinsu. A Turai tsarin ya yi nisa, domin ginin The Edge da ke Amsterdam yana da na'urorin lura kimanin 28,000. Namu bai kama ƙafarsa ba, amma ya isa a auna shi.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne lantarki. Idan aka ɗauke wuta, batiran da farantan sola suka cika ne ke karɓar aiki nan take, ba tare da kwamfuta ta mutu ba, kuma janareta ba ya tashi sai cajin ya yi ƙasa. Fitilu suna mutuwa da kansu idan ɗaki ya zama babu kowa. Famfunan wurin alwala ma suna tsayawa da zarar an janye hannu, kuma duk wanda ya san tsadar ruwan 'yan garuwa zai yaba da wannan. Ƙofar da ake buɗewa da kati ma tana aiki lafiya.

Inda aka gaza shi ne zanen ginin kansa, kuma wannan yana damuna ƙwarai. An lulluɓe bangon yamma da gilashi, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, saboda haka daga azahar zuwa bayan la'asar na'urorin sanyi suna ta fama da zafin da mai zanen ya gayyato da hannunsa, batiran kuma suna ƙarewa da wuri. Maginan gargajiya da suka yi soraye da tubali da azara sun san amfanin bango mai kauri da ƙananan tagogi, kuma da an ɗauki wannan darasi, da rabin wahalar ta kau. Haka kuma ƙurar hunturu tana rufe farantan sola, amma ba a yi matakalar da masu wankewa za su hau rufin cikin sauƙi ba.

Wanda zai kama haya a nan ya nemi ɗakin gabas, sannan ya tambaya ko mai gyaran na'urorin yana zaune a Sakkwato ne ko sai an kira shi daga Abuja, kafin ya sa hannu a takarda.