Sharhi kan manhajar sauraron waƙoƙi, daga mai bin waƙoƙin fina-finai

Na shafe watanni ina biyan kuɗin wata-wata a ɗaya daga cikin manyan manhajojin sauraron waƙoƙi ta intanet, kuma kusan duk abin da nake saurare a cikinta waƙoƙin fina-finai ne da kiɗe-kiɗensu, musamman na Indiya, sai na Amurka da na Turai, da kuma na Hausa gwargwadon abin da ake samu. Hukuncina shi ne manhajar ta cancanci kuɗinta, amma waɗanda suka tsara ta sun fi tunawa da mai bin mawaƙi guda da albam ɗinsa, alhali kuwa waƙar fim aikin hannaye da yawa ce, kuma a nan ne ƙarfin manhajar da rauninta suke bayyana.

Duk wanda ya taso yana kallon fina-finan Indiya ya san cewa jarumin da ke motsa baki a allo ba shi ne mai muryar ba. Tun tsakiyar shekarun 1930 masana'antar ta fara komawa ɗaukar waƙa a situdiyo tukuna, sannan jarumi ya hau kanta a gaban kyamara, wato abin da 'yan fim ɗin Hausa suke kira mamin. Saboda haka kowace waƙa tana da wanda ya rubuta baitocinta, da wanda ya tsara kiɗanta, da wanda ya rera, da kuma wanda ya fito da fuskarsa ya kwashe farin jinin. Abin da ya fi burge ni a manhajar shi ne wani ɗan shafi da ke ɓoye a ƙarƙashin kowace waƙa, wanda idan ka taɓa shi yake jero maka waɗannan sunaye. Ta wannan shafin ne na gane cewa waƙoƙi da dama da na daɗe ina ƙauna, waɗanda na ɗauka babu abin da ya haɗa su, duk daga hannun R. D. Burman suka fito, mutumin da ya rasu a 1994, kuma da yawansu Asha Bhosle ce ta rera su ko Kishore Kumar. Daga ranar na daina neman waƙa da sunan jarumi, na koma nema da sunan mai tsara kiɗa, sai sauraren ya zama kamar bin zare guda a cikin saƙa, kana ganin inda ya nutse da inda ya sake ɓullowa.

Shafin yana amfani har a waƙoƙin Turanci. Mutane da yawa sun san babbar waƙar nan I Will Always Love You da Whitney Houston ta rera a fim ɗin The Bodyguard na 1992 a matsayin tata, amma shafin yana nuna cewa Dolly Parton ce ta rubuta ta, kuma ita ta fara fitar da ita tun 1974. Taɓawa ɗaya take kai ka ga ta asalin, mai sanyi da ƙarancin kayan kiɗa, ka saurare su a jere ka ji yadda murya da tsarin kiɗa suke iya sauya waƙa ba tare da an sake mata gini ba.

Matsalar ita ce shafin ba kullum yake cike ba, kuma inda aka fi bukatarsa nan ya fi zama fayau. A tsofaffin waƙoƙi sau da yawa ba za ka tarar da komai ba sai sunan kamfanin da ya mallaki faifan, a waƙoƙin fina-finan Hausa kuwa akan rubuta sunan namijin kaɗai a waƙar da mace da namiji suka yi tare, alhali rabin daɗinta a muryar macen yake. Na fahimci cewa masu ɗora waƙoƙin ne suke cike waɗannan bayanai, ba manhajar ba, amma mai biyan kuɗi bai damu da wanda ya yi sakacin ba. Wajen bincike ma akwai ɗan wahala, domin sunan fim ɗin Indiya guda yana iya zuwa da rubutu iri uku a haruffan boko, kuma idan fim ɗin an fassara shi ne daga wani harshe, kamar Roja, fim na farko da A. R. Rahman ya tsara wa kiɗa a 1992, wanda aka yi da Tamil sannan aka mayar Hindi, to kiɗa guda zai fito maka da baitoci daban-daban a albam daban-daban ba tare da wata alama da ta haɗa su ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓata rai. Idan ka nemi wata tsohuwar waƙar Mohammed Rafi ko Lata Mangeshkar, ba lallai ta asalin ce za ta fara fitowa ba. Wani lokaci wadda aka ƙara wa bugun ganga na na'ura a zamanin kaset ce take zuwa sama, wani lokaci kuma wadda wani mawaƙi ya sake rerawa, da hoton fim ɗin a jikinta kamar ita ce ta gaskiya. Sai ka saurara da kunnen basira kafin ka rarrabe: ta asalin tana zuwa da ɗan shuu a bayanta, gogunan suna taruwa wuri guda a tsakiyar kai saboda da sauti mai hanya ɗaya aka ɗauke ta, muryar kuma tana gaba sosai har kana jin jan numfashi kafin amshi. Ni wannan ɗan shuu ɗin ya fi mini gyaran da aka yi.

Ingancin sauti ba shi da abin kushewa, sai dai mutum ya san abin da yake saye da datarsa. A matakin sama, mai kilobit 320 a daƙiƙa, waƙar minti biyar tana cin kusan megabait 12, sa'a guda kuma ta haura 140, yayin da a matakin kilobit 96 waƙar ba ta kai megabait huɗu ba. A waƙoƙin da aka ɗauka kafin 1970 ban ji bambancin da ya kai a yi asarar data ba. Inda bambancin yake fitowa fili shi ne kiɗan fim marar murya, irin na Ennio Morricone ko John Williams, wanda yakan fara da sarewa guda can ƙasa-ƙasa sannan makaɗa masu yawa su rufo gaba ɗaya. A nan ne kuma na ga cewa manhajar ba ta san yadda za ta yi da irin wannan kiɗa ba, domin tana zuwa da tsarin daidaita ƙarar waƙoƙi da aka riga aka kunna, wanda ke ɗaga gaɓar da aka so ta zo a hankali har ta yi kafaɗa da mai ƙarfi idan ana sauraren su a gauraye, kuma da zarar albam ya ƙare sai ta ɗauka barci kake nema, ta jero maka kiɗan kwantar da hankali. Duka biyun ana iya kashe su a wurin saiti, kuma ina ba da shawarar a kashe su tun ranar farko.

Saukar da waƙoƙi domin saurare ba tare da intanet ba yana aiki lami lafiya, amma ya kamata mai saye ya san cewa haya yake yi. Waƙar da ka sauke a kulle take a cikin manhajar, ba ta turuwa zuwa wata wayar, kuma ranar da ka daina biya ranar za ta daina buɗewa. Ko kana biya ma, waƙa tana iya dusashewa a jerinka idan yarjejeniyar haƙƙin mallaka tsakanin manhajar da mai faifan ta ƙare, abin da ya same ni a kan wani albam na fim da na fi saurare, wanda rabin waƙoƙinsa suka ɓace sauran rabin suka tsaya, domin waƙoƙin fim guda ba lallai su kasance mallakar kamfani guda ba. Zan ci gaba da biyan kuɗin saboda shafin sunayen nan da yawan abin da ke ciki, amma tsofaffin waƙoƙin da na tara a kwamfuta tun kafin in san manhajar suna nan a inda suke, kuma ba ni da niyyar goge ko guda daga cikinsu.