SB 1047 da SB 53 a Kalifoniya: wacce ta fi?

Duka biyun kudurorin doka ne kan tsaron AI (basirar na'ura) a jihar Kalifoniya ta Amurka. Dan majalisar jihar daya ne ya kawo su duka, Scott Wiener, amma gwamna Gavin Newsom ya yi watsi da ta farkon a 2024, ya sa hannu a ta biyun a Satumbar 2025.

Ita SB 1047 zafi gareta gaskiya, cewa tayi duk kamfanin da ya kashe sama da dala miliyan 100 wajen horar da AI dinsa dole ya gwada shi tukuna, yasa makunnin kashe shi gaba daya in abu ya baci, a kawo masu bincike daga waje su duba, kuma babban lauyan jiha zai iya maka shi kotu. Newsom yace ai girma kawai take kallo, karamin AI ma zai iya barna.

SB 53 kuwa lallabawa ce. Manyan kamfanonin AI da ke samun sama da dala miliyan 500 a shekara su wallafa tsarin tsaronsu kowa ya gani, in matsala ta faru su kai rahoto cikin kwana 15, ma'aikacin da ya tona asiri a kare shi. Tara bata wuce dala miliyan daya kan laifi guda, wanda a wajen su Google kudin shayi ne.

Abinda yafi jan hankalina CalCompute ne, kwamfutocin gwamnati da masu bincike da kananan kamfanoni zasu samu aiki dasu. Duka kudurorin biyu suna dashi, saidai kwamitin tsarawa kawai SB 53 ta tanada, sai majalisa ta ware kudi tukuna.