Waifai ɗin jirgin ruwa a Bahar Rum: yana aiki, amma kuɗinsa da tsarinsa sai haƙuri

Wanda ya bar shago a hannun ƙaninsa ya tafi hutu, jikinsa ne kawai ya tafi. Shadda da atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma yawancin cinikina yanzu ta WhatsApp yake shigowa: kastoma a Agadas ko Garwa ya ga hoto, mu yi ciniki, ya turo kuɗi, a ɗaure masa kaya a kai tasha. Shi ya sa da muka shirya hawa jirgin ruwan shaƙatawa ni da uwargida, intanet na fara tambaya kafin ɗaki da abinci. Jirgin ya tashi daga Barselona, ya tsaya a Marsel, Jenowa, Nafoli, Palermo da Tunis, sannan ya komo inda ya fito.

Kamfanin yana sayar da waifai mataki biyu. Ƙaramin ya ba ka saƙonni da imel da buɗe shafuka, babban ya ƙara maka kallon bidiyo da kiran bidiyo. A irin waɗannan jirage farashin yakan kama daga dala 15 zuwa 30 a rana, kuma a kan na'ura ɗaya, ba a kan mutum ko ɗaki ba. Duk wanda ya juya wannan zuwa naira ya san kuɗin datar watanni ne a gida. Na sayi babban tun kafin mu tashi, ta manhajar kamfanin, domin ya fi araha a kan wanda ake saya bayan an shiga jirgi. Wannan ragin gaskiya ne, na kwatanta da farashin da aka manna a teburin karɓar baƙi.

Ta wajen aiki, na sami fiye da abin da na yi zato. Wani abokina da ya yi irin wannan tafiya shekarun baya ya ce mini in cire rai, sai ka yi sallama ka jira kafin muryarka ta isa, ku riƙa katse juna. Gaskiyarsa a zamaninsa. A da jiragen sun dogara ne da taurarin ɗan'adam da ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, maganarka ta hau can ta sauko, amsa ma ta bi hanyar, jinkirin ya wuce rabin daƙiƙa. Daga 2022, lokacin da kamfanin jiragen shaƙatawa na Royal Caribbean ya sanar cewa zai sa Starlink, wato intanet na tauraron ɗan'adam, a dukkan jiragensa, manyan kamfanoni suka bi sahu. Taurarin Starlink suna yawo ne a nisan kusan kilomita 550 kacal, shi ya sa jinkirin ya ragu sosai. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu, tunda Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da ya fara aiki, a Janairun 2023, kuma farantinsa yana kan rufin gidaje da ofisoshi a Kano. A jirginmu, bayan sallar asuba ina zaune a benen sama, ba ƙasa ko ta ina sai ruwa, ƙanena ya kira ni da bidiyo yana buɗe dilar da ta iso. Har bambancin ruwan toka da ruwan ƙasa na gani a jikin shaddar. Ya ce, "Yaya, wallahi kamar kana bakin shago." Wannan kiran kaɗai ya sa ban yi nadamar kuɗina ba.

Da dare labari yakan canja. Bayan cin abinci, mutum dubbai sun koma ɗakunansu, kowa da waya a hannu, sai abin ya zama kamar famfon unguwa da safe: ruwan na zuwa, amma bokitai sun yi yawa. Saƙon rubutu da na murya suna tafiya, hoto yana ɗan jinkiri, kiran bidiyo kuwa sai ya daskare. Ɗakinmu na ciki ne, ba taga, kuma bangon jirgi ƙarfe ne, don haka sabis ɗin can ya fi rauni. In ina da magana mai muhimmanci nakan fito zauren shan shayi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganar na'ura ɗaya. Miji da mata a ɗaki ɗaya, sun biya kuɗin tafiya mai yawa, amma sai ɗaya ya fita daga asusun kafin ɗaya ya shiga. Uwargida tana son jin muryar yara kafin su kwanta, ni kuma a lokacin ake rufe lissafin shago. Takan ce, "Alhaji, in ka gama ka fita mini," ni kuma ina tsakiyar jiran hoton rasit. Fitar ma ba ta da sauƙi, sai ka buɗe wani shafi ka danna, wani lokaci shafin ya ƙi buɗewa. Na je teburin da ake kula da harkar, ma'aikaciyar ta saurare ni da ladabi, ta nuna mini yadda zan ajiye adireshin shafin don kada in riƙa nemansa, amma ta ce ƙara na'ura ta biyu sai da ƙarin kuɗi mai kauri. Ba laifinta ba ne, tsarin kamfanin ne, kuma a ganina bai yi wa iyalai adalci ba. Otal mai arha a Barselona ya ba mu waifai kyauta a kan wayoyinmu duka.

Akwai wani tarko da ya fi kuɗin waifai haɗari, kuma kamfanin bai yi gargaɗi a kansa yadda ya kamata ba. Jirgin yana da nasa sabis na waya wanda ke kunnuwa idan an yi nisa da gaɓa. Wayarka tana rasa sabis na ƙasa sai ta kama shi da kanta, kuma cajinsa na tauraron ɗan'adam ne. Wasu iyali 'yan Maroko mazauna Faransa da muke cin abinci a teburi ɗaya sun ɗauka dokar Tarayyar Turai ta kare su, wadda tun Yunin 2017 ta ba mai layin Turai damar amfani da shi a sauran ƙasashen Tarayyar ba ƙarin caji. Dokar ba ta shafi sabis ɗin jirgi a teku ba. Da safe maigidan ya nuna mini tes ɗin da kamfanin layinsa ya turo, ransa a ɓace. Maganin kawai shi ne ka sa wayar a yanayin jirgin sama tun kafin a kwance igiya, sannan ka kunna waifai shi kaɗai.

A tashoshi kuwa ban taɓa waifai ɗin jirgi ba. Na sayi layin eSIM na Turai, wanda ake saukewa a waya ba tare da kati ba, da kuɗin da bai kai na yini ɗaya a jirgi ba. A Jenowa da Palermo da shi na tura bidiyoyi masu nauyi, na sauke taswira, na sabunta manhajoji. Ko daga saman jirgin yana kamawa muddin ana tsaye a tasha. A Tunis bai yi aiki ba, domin Tunisiya ba ta cikin ƙasashen da ya ƙunsa, sai mai saye ya duba jerin ƙasashen da kyau. Harkar banki ma a tasha nake yi, in kunna layina na gida na ɗan lokaci don lambar sirrin da banki ke turowa ta shigo, in kashe.

Lokacin salla da alƙibla ba sa bukatar ka biya ko sisi. Wayar tana gane inda take ta tauraron GPS ko da intanet a kashe, sai dai a bene a buɗe ta fi ganewa, kuma alƙibla tana sauyawa duk sanda jirgi ya juya, don haka ina dubawa kafin kowace salla. Manhajar jirgin ita ma kyauta take aiki, da jadawalin yini da lokacin da za a rufe ƙofa a kowace tasha. Agogo ne abin kula: lokacin bazara Sifaniya da Italiya suna gaban Kano da awa ɗaya, Tunis kuwa daidai take da Kano, don haka agogon da jirgi ya sanar shi ake bi, ba na waya ba.

Wanda saƙo da murya kawai yake bukata, ƙaramin mataki ya ishe shi. Ni da sai na ga launin kaya da idona kafin a tura wa kastoma, babban zan sake saya, kuma a takardar jin ra'ayi da suka aiko bayan mun sauka na rubuta musu cewa su sa na'ura biyu a kan kowane ɗaki, su kuma manna gargaɗin sabis ɗin teku a ƙofar shiga da manyan baƙaƙe.