Farin ƙashin teku na tsuntsaye: abin da yake yi wa ɓawon dodon koɗi, da inda ƙarfinsa ya ƙare

A ɓangaren kayan tsuntsaye ake samunsa, fari, mara nauyi, mai siffar ƙaramin kwalekwale, an rubuta Cuttlebone a jikin ledarsa. Don aku da kanari ake sayar da shi, amma ga mai kiwon dodon koɗi a gida, da wuya a samu abin da ya fi shi wajen gina ɓawo. Ƙashi ne na cikin jikin wata halittar teku mai fesa tawada, wadda ita da dodon koɗi dangi ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙashin nan kalsiyam kabonet ne, wato ainihin sinadarin da ɓawon dodon koɗi ya ginu da shi.

Abin da ya sa ya yi fice shi ne laushinsa. Dodon koɗi ba ya tauna. Harshe gare shi mai dubban ƙananan haƙora kamar magagari, da shi yake kankare abinci. Ɓangare ɗaya na ƙashin yana da taushi har farce na iya shiga, ɗayan kuma yana da tauri da santsi. A ajiye mai taushin yana kallon sama. Idan ana ci, bayan 'yan kwanaki za a ga ramuka da sawun kankara a kai. Ƙananan da ke cikin girma da manyan da ke shirin yin ƙwai su ne suka fi ci, domin ƙwan manyan dodon koɗin Afirka irin su Lissachatina fulica da Archachatina marginata ɓawo ne da shi mai tauri, kuma daga jikin uwar kalsiyam ɗin yake fita.

Kada a fitar da shi daga leda a jefa musu kai tsaye. Daga teku ya fito, gishiri kuwa yana zuƙe ruwan jikin dodon koɗi har ya kashe shi. A cire maƙalin ƙarfen da ake haɗawa don keji, a wanke, a jiƙa cikin ruwa mai tsabta na wasu sa'o'i ana sauya ruwan sau biyu ko uku, sannan a shanya ya bushe sarai. Wanda aka rina da launi ko aka sa wa ƙamshi, a bar wa masu tsuntsaye abinsu.

Babban aibinsa shi ne ba ya jure damshi. Akwatin dodon koɗi na buƙatar danshin iska kamar kashi 70 zuwa 80, kuma ƙashin yana tsotse ruwa kamar soso. In aka bar shi kwance a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ya yi dauɗa, ya fara wari, wani lokaci har ya yi funfuna. Maganin abin mai sauƙi ne: a karya shi gida biyu ko uku, a ɗora gutsure ɗaya a kan faranti na roba, a riƙa wankewa ana musanyawa da busasshe duk mako.

Akwai kuskuren da ya yawaita, wato a niƙe shi a barbaɗa a kan kokwamba ko latas. Idan ƙashin yana gefe, dabbar tana cin gwargwadon buƙatarta ta bari. Idan yana cikin abinci, an tilasta mata ke nan, wasu ma sai su ƙaurace wa abincin gaba ɗaya.

Wajen gyara kuwa, ya kamata mai kiwo ya san iyakar abin. Sabon ɓawo daga bakin ƙofar ɓawon yake fitowa, inda wata fatar jiki mai kauri da ke kewaye da ƙofar take zuba sinadarin. Saboda haka idan bakin ya yi siriri yana karyewa da an taɓa, ko aka ga suna kankarar ɓawon juna, ƙashin nan zai taimaka ƙwarai. Ƙaramin tsagu ma dabbar tana liƙe shi daga ciki, sai dai tabon yakan fito fari da kaushi, launin asali ba ya dawowa. Amma in ɓawo yana ta koɗewa alhali ƙashin na nan ana ci, a duba ƙasar da ke cikin akwatin, domin ƙasa mai tsami tana cinye ɓawo daga waje. In girma ne ya tsaya, sau da yawa sanyi ne ko ƙarancin furotin. Fulica ta fi walwala a zafin digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Selshiyas.

Ciwo uku ne ba ruwansu da kalsiyam ko kaɗan. Na farko, fatar nan ta bakin ƙofa ta saɓule daga ɓawo, abin da yakan biyo bayan faɗuwa ko fizgo dabbar ta ɓawonta tana manne da bango. Na biyu, wani sashe na cikin baki ya zazzago waje ya ƙi komawa. Na uku, ta ƙule can ciki tana ramewa, ko an yayyafa mata ruwa mai ɗumi ba ta leƙo ba. Wannan daban yake da barcin fari, inda take rufe ƙofa da farin murfi mai tauri saboda iska ta bushe. Waɗannan, da karayar da ta bayyana naman ciki, aikin likitan dabbobi ne wanda ya saba da dabbobi marasa ƙashin baya. Kafin a kai ta, a sa ta ita kaɗai cikin ƙaramin akwati a kan jiƙaƙƙen tawul na takarda, kada gam na liƙe ɓawo ya kusanci namanta, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, domin dodon koɗi na iya ɗaukar tsutsar huhun ɓera, Angiostrongylus cantonensis, wadda ke haddasa wa mutum wani nau'in sanƙarau.